Allo da Kiskadi a Damagaram

Damagaram ta daɗe a ƙarƙashin inuwar Barno. Har zamanin Sarki Tanimun, wanda ya mulki Zinder daga 1851 zuwa 1884 ya kewaye Birni da ganuwa, gabas ake dubawa idan ana maganar karatun Alƙur'ani. Daga can aka gaji tsangaya da tsaninta: kolo, titibiri, gardi, har alaramma.

Ginshiƙin wannan karatu shi ne allo, kuma hikimarsa tana cikin ƙarancinsa. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas, jimilla 480. Allo ba ya ɗaukar abin da ya wuce cinsa. Almajiri zai rubuta da alƙalamin gamba, ya biya, ya maimaita har karatun ya zauna a ka, kuma ba zai wanke ba sai malam ya saurara ya yarda. Wanda bai riƙe na jiya ba, ba shi da wurin rubuta na yau.

Abin da ya fi jan hankali shi ne gardi, domin shi ba a tsaye masa da bulala. Da kansa yake yanke shawarar fita kiskadi: ya bar hayaniyar gari, ya kafa bukka a bayan gari, ya raba yininsa tsakanin sabuwar hadda da tilawar tsohuwa. Tilawa ce ke cinye mafi yawan lokacin, tun gardawa sun san hadda gudu take yi idan aka juya mata baya. Sai kuma satu, inda zai rubuta daga ka ba tare da duba takarda ba, ya kai darasu a gaban alaramma da sauran gardawa, a tsince masa kuskure wasali bayan wasali. Ayoyi masu kama da juna, waɗanda suka fi rikita mahaddaci, ƙidaya su ake yi, a san sau nawa kowace ta zo.

Faransawa sun kama Zinder a 1899, suka mai da ita babban birnin Nijar har 1926, suka kawo lakwal da littafin rubutu wanda ba a wankewa. Allo bai kau ba.

A Kara-Kara, unguwar Zinder da aka taɓa tsugunar da masu cutar kuturta, matashi yau yana iya tara karatuttukan malamai barkatai a wayarsa ta WhatsApp, mafi yawansu bai saurara har ƙarshe ba. A makarantun allo na Zinder kuwa, da asuba yara suna nan suna biya abin da suka rubuta jiya, suna jiran malam ya ce a wanke.