Makarantun Fada da Rikicin 1972: Daga Basawa zuwa Kaduna

Duk sa'ad da maganar mayar wa coci-coci makarantunsu ta taso a Jihar Kaduna, sai a koma kan shekara guda: 1972. A shekarar ne gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, ƙarƙashin gwamnan soja Abba Kyari, ta karɓe makarantun mishan. Wasu na cewa ƙwace aka yi, wasu na cewa ceto ne. Mutanen Hanwa da Samaru a Zariya ba sai sun yi nisa ba wajen ganin inda abin ya taɓa, domin a nan kusa, a Basawa, Katolika suka kafa makarantu biyu: kwalejin horon malamai ta St. Enda da ƙaramar makarantar horon limamai ta St. Joseph.

Turawan mulki ba su bar 'yan mishan sun sake a masarautun Musulmi ba. Ko Dokta Walter Miller na Anglika, wanda ya zauna cikin birnin Zazzau tun 1905, daga baya sai da mishan ɗinsa ya koma Wusasa. Katolika kuwa layin dogo suka biyo. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911, sai ga akawuna da masu gyaran inji da 'yan kasuwa daga Kudu sun cika Sabon Gari, limamai kuma suka biyo mabiyansu. Yawancin limaman nan 'yan ƙasar Ailan ne na ƙungiyar SMA, kuma "Fada" kowa ke kiransu, Kirista da Musulmi. Shi kansa Enda da aka sa wa kwalejin Basawa sunansa waliyyi ne na can Ailan.

Mai neman sakandare ta share fagen jami'a kuwa, Kaduna yake nufa. Maza na shiga St. John, mata na shiga Queen of Apostles da ke Kakuri a hannun sistoci. Rayuwar irin waɗannan makarantun kwana ba ta da sassauci. Tun duhun asuba ake kaɗa ƙararrawa, yaro ya ɗauki bokiti ya yi layi a bakin famfo ko da hunturu na busawa, sannan a tafi addu'ar safe kafin karin kumallo. A aji Turanci kawai ake yi, wanda aka kama da Hausa ko Ibo ko Kataf a bakinsa ya san sauran. Da yamma akwai aikin hannu, kowa da langalangarsa yana sharɓar ciyawa, sai ƙwallo, sai karatun dare a yi tsit. Wake mai ƙwari da garin kwaki da ake ɓoyewa a ƙasan akwati, duk wanda ya yi makarantar kwana a wancan zamani ya san su. A makarantar horon limamai ana ƙara Latin a kai, kuma Fada na iya sallamar yaro a ƙarshen zango don kawai ya ga halinsa bai dace da limanci ba. Ta St. Joseph ɗin nan ta Zariya Matthew Hassan Kukah ya bi, kafin ya wuce babbar makarantar St. Augustine a Jos, a naɗa shi limami a 1976, ya zama bishop na Sakkwato a 2011.

Sai dai ɗalibin da sunansa ya fi yin ƙara a tarihin waɗannan makarantu ba limami ba ne. Chukwuma Kaduna Nzeogwu, haifaffen Kaduna mai jin Hausa kamar jakin Kano, a St. John ya yi sakandare. Shi ne ya jagoranci sojojin da suka afka gidan Sardauna Ahmadu Bello a daren juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. Christian Anuforo, wani daga cikin manjojin juyin mulkin, shi ma ɗan makarantar ne. Daga nan wasu ke ɗinka labarin cewa karɓe makarantun ramuwa ce, wai Arewa ta gane irin abin da Fada ke shukawa. Hujjar ba ta da ƙarfi. Nzeogwu ya shiga soja a 1957, ya je Sandhurst a Ingila, ya yi kusan shekara tara cikin kaki kafin daren. Idan makaranta za a tuhuma, me ya sa za a tsallake barikin? Kuma St. John ɗin ce dai ta yaye Patrick Yakowa, wanda ya yi aikin gwamnati har ya zama gwamnan Kaduna a 2010.

Gaskiyar maganar, guguwar ba daga Arewa ta taso ba. Da aka gama yaƙin basasa a Janairun 1970, gwamnatin tarayya ta kori limaman Ailan da dama da suka yi aiki a yankin Biyafara, kuma a shekarar ce Ukpabi Asika, mai mulkin Jihar Gabas ta Tsakiya, ya karɓe makarantun mishan na jihar, inda Katolika suka fi ko'ina ƙarfi. Sauran jihohi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Shugaban ƙasar lokacin, Yakubu Gowon, Kirista ne, ɗan mai wa'azi, wanda ya tashi a Wusasa. Anglika ma ba su tsira ba, domin St. Paul tasu ta Wusasa ita ce ta koma Kufena. St. John ta zama Rimi, Queen of Apostles ta zama Queen Amina, St. Enda ta koma kwalejin malamai ta gwamnati. St. Joseph ta tsira a hannun coci saboda aikinta horon limamai ne.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce. Tun zamanin Turawa baitulmali ke ba makarantun mishan da aka amince da su tallafi, to ga masu mulki, wanda ke zuba kuɗi yana da ta cewa. Akwai kuma iyaye Musulmi masu ɗari-ɗari da makarantar da ake fara yini da addu'ar coci, ga shi kuma ana son ƙasar da ta fito daga yaƙi ta sami tsarin ilimi guda. Coci kuwa na cewa filaye da gine-ginen da mabiyanta da masu taimako daga Turai suka tara kuɗinsu aka ɗauke da doka guda ta soja, ba tare da wurin kai kuka ba. A nan coci na da gaskiya.

Inda ban bi tsofaffin ɗalibai ba shi ne cewarsu tafiyar Fada ce ta kashe ilimi. Makarantun nan ƙanana ne, da jarrabawa ake shiga, ana biyan kuɗi, wanda ya gaza a sallame shi. Wanda ya tsince zaɓaɓɓun yara ya killace su shekara biyar, ba abin mamaki ba ne ya ga sakamako mai kyau. Abin da ya canza lissafi shi ne shirin ilimin firamare ga kowa na 1976. Cikin 'yan shekaru yaran suka yi wa sakandare ambaliya, daidai lokacin da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980. Aji ya cika ya batse, ɗakin gwaje-gwaje ya zama kango, albashin malami ya riƙa makara. Shaidar tana nan cikin Zariya: Kwalejin Barewa ba ta taɓa zama ta mishan ba, ita ce ta yaye Tafawa Balewa da Sardauna da Gowon da Murtala, amma ita ma ta sha irin wannan wahala. Abin da Fada ke da shi, wanda ma'aikatar ilimi ta kasa gadonsa, shi ne shugaban makaranta mai kwana a cikin harabar, mai ikon ɗauka da kora, wanda ba a yi masa canjin wurin aiki da takarda daga hedikwata.

Legas ta mayar da makarantu ga masu su a 2001 zamanin Bola Tinubu, Anambra ta yi haka zamanin Peter Obi. A Kaduna kuwa Rimi da Queen Amina na hannun gwamnati har yau, kuma yawancin masu karatu a cikinsu 'ya'yan talakawa ne da ba za su iya kuɗin makaranta mai zaman kanta ba, abin da ke sa batun mayarwar ya fi wuya fiye da yadda masu kiran ke faɗa. Katolika sun koma gina sababbi. A ƙarshen shekarar 2000 aka yanke Zariya daga Kaduna ta zama dayosis mai cin gashin kanta, da babban cocinta na Christ the King a Sabon Gari. George Dodo ne bishop na farko har rasuwarsa a 2022, Habila Daboh ya gaje shi.