Matan da suka riƙe shirin jarumai a talabijin

Jama'a, wanda ya kalli fim ɗin Wonder Woman na 2017 zai ɗauka sabon abu ne, alhali labarin ya daɗe. Tun 1975 tashar ABC ta Amurka ta fara nuna shirin Wonder Woman, Lynda Carter ce jarumar. Ya yi zango 3, ya ƙare a tashar CBS a 1979. Tambarinsa shi ne yadda take juyi kamar katantanwa, sai ga ta cikin kayan yaƙi.

A 1976 kuma aka fito da The Bionic Woman. Lindsay Wagner ta fito a Jaime Sommers, wadda ta yi mummunan haɗari aka sa mata ƙafafu, hannu ɗaya da kunne na inji. Rawar ta ci mata kyautar Emmy a 1977.

Ni abin da ya sa nake ganin girmansu, a da galibi mace a irin waɗannan shirye-shirye sai dai a sace ta, namiji ya je ceto. Su suka nuna mace za ta iya riƙe shiri, jama'a su zauna kallo. Turbarsu shirin Xena ya bi daga 1995 zuwa 2001.