Talabijin Mai Tsabtar Hoto

Talabijin mai tsabtar hoto, da aka fi sani da HD, tsari ne da ke nuna hoto da ɗigo-ɗigo masu yawa fiye da tsohon talabijin. Ma'aunansa biyu ne suka shahara: 1280 × 720 da 1920 × 1080, a allo mai faɗin 16:9. Na 4K kuwa 3840 × 2160 ne, wato ninki huɗu na yawan ɗigon 1920 × 1080.

Gidan talabijin na NHK a Japan ne ya share fagen binciken, Amurka kuma ta amince da nata ma'aunin na dijital a 1996. Da farko manyan akwatunan talabijin na HD sai mai hannu da shuni. Farashi ya karye ne bayan masana'antun Koriya ta Kudu, Taiwan da Sin sun cika kasuwa da allon LCD. Sai dai a ƙaramin allo, daga nesa, da wuya ido ya bambance 720 da 1080.