Daga Clippy zuwa wayar aljihunka: tarihin abubuwan da ke tsalle a allo

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, amma tarihin da zai hana wani biyan kuɗin falashin a banza. Da yawan wayoyin da ake kawowa shago a nan Anka ana cewa "ta kamu da bairos" lafiyarsu lau. Sanarwa ce kawai ta yi musu yawa: wannan ta faɗo daga sama, waccan ta yi ƙara, wata ta rufe rabin allo tana walƙiya. Abin nan ya girmi wayar shafa. A kwamfutar tebur aka haife shi, kuma duk lokacin da ya fito da sabuwar kama, sai mutane sun yi shekaru suna kuka kafin kamfani ya kawo madannin kashe shi.

A manhajar rubutu ta Microsoft Office 97 aka fara ganin wani ɗan ƙarfen maƙale takarda mai idanu da gira. Sunansa na yanka Clippit, amma duniya Clippy ta san shi. Kana fara rubuta wasiƙa sai ya ɓullo a gefe, ya ce ga alama wasiƙa kake rubutawa, ko ya taimaka maka? Ka ce a'a, gobe ya dawo da tambayar. Ka share shi, ya lanƙwashe jiki, ya kifta ido, ya ƙwanƙwasa gilashin allo. Niyyar kamfanin ba mummuna ba ce, so suke wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba ya ji yana da ɗan rakiya. Inda suka kuskure shi ne, ɗan rakiyar bai san lokacin da ka riga ka san hanya ba. A 2001, da Office XP ta fito, sai aka bar shi a kashe sai wanda ya kunna da kansa, har kamfanin da kansa ya riƙa yi masa ba'a a talla. A Office 2007 aka cire shi kwata-kwata. Shekara goma kenan. A 2010 mujallar Time ta sa shi cikin ƙirƙire-ƙirƙire 50 mafiya muni.

Clippy dai takura kawai ya yi. Wanda ya biyo bayansa ɓarawo ne. Daga 1999 zuwa 2004 an yi wani goggon biri mai launin shunayya, BonziBuddy, da ake saukewa kyauta. Yana yawo a allo, yana magana, yana waƙa da barkwanci, yara suna son shi. A bayan fage kuma yana kwashe bayanan mai kwamfuta, yana canja masa shafin farko na burauza, yana turo talla. A 2004 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci kamfanin tarar dala 75,000 saboda tattara bayanan ƙananan yara. Duk manhajar "goge datti" ko "sanyaya batiri" da ke zana maka fanka tana juyawa a waya yau, jikanyar wannan birin ce. Fankar zane ba ta taɓa sanyaya komai ba.

Shi kuma tallan da ke buɗe tagarsa daban ya dira a gabanka, wani Ba'amurke mai suna Ethan Zuckerman ne ya rubuta shi a ƙarshen shekarun 1990, lokacin yana aiki a Tripod.com. A 2014 ya fito a mujallar The Atlantic ya nemi gafarar jama'a. Samun wanda zai yi hakan a wannan harka da wuya.

Mu a nan, kafin yawancinmu mu taɓa kwamfuta mun riga mun ɗanɗani namu. Layin GSM ya shigo Najeriya a 2001, kuma duk wanda ya riƙe ƙaramar Nokia ya tuna saƙonnin tsakar dare, na waƙar kira da na "ka ci kyauta", wani ma ka danna kuskure a fara cire maka kati. Sai a 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta tilasta wa kamfanonin layi lambar 2442. Ka rubuta STOP ka tura can, saƙonnin talla su tsaya. Lambar tana nan har gobe, kyauta ce, amma ka tambayi mutum goma a kasuwar Gummi ka ga nawa suka san ta.

To, yanzu waya. A watan Yunin 2009 Apple ya buɗe wa manhajoji hanyar turo sanarwa a iPhone ko da manhajar tana rufe. Android tun fitowarta a 2008 tana da labulen nan da ake jawowa daga sama. Nan ne ya kamata ka buɗe ido, domin shekarar da aka yi Android ɗin wayarka ita ke nuna irin madannin da kake da shi. Shiga Settings, ka sauka About phone, ka duba lambar.

A Android 4.1 ta 2012 aka fara ba mutum ikon rufe bakin manhaja guda ɗaya gaba ɗaya. A Android 5 ta 2014 aka kawo sanarwar da ke faɗowa a kan abin da kake yi, wadda ke rufe maka lambar asusu daidai lokacin da kake kwafarta. Gyara na gaske sai a Android 8 ta 2017, inda aka tilasta wa manhaja ta rarraba sanarwarta gida-gida. Wannan shi ne abin da na fi so mutane su gane. Ba sai ka zaɓi tsakanin kashe duka ko haƙuri da duka ba. A manhajar banki za ka iya barin alat ɗin shigar kuɗi ka kashe na talla. A WhatsApp ka bar saƙon mutum ɗaya da kira, ka sa na guruf ya shigo shiru. Hanyar kuwa gajeruwa ce: idan sanarwar ta zo, kar ka share ta, ɗora yatsa a kanta ka riƙe, za ta nuna maka manhajar da ta turo ta da madannin kashewa. Sai Android 13 ta 2022, wadda ta ce dole sabuwar manhaja ta nemi izini kafin ta fara turo komai. Shekara goma sha huɗu kafin a koya musu sallama.

Wadda ta fi cutar mutanenmu ba daga manhaja take zuwa ba, daga burauza ne. A 2015 Chrome ya ba shafukan intanet damar turo sanarwa kamar manhaja. Ka shiga wani shafi neman fim ko waƙa, ya ce danna Allow don ka tabbatar kai ba mutum-mutumi ba ne, ko don bidiyon ya buɗe. Ka danna. Daga ranar shafin ya samu ƙofa. Shi ne mai turo jan rubutu cewa wayarka ta kamu da bairos, batirinka zai lalace, ko hoton da za ka ji kunya idan ɗanka ya gani. Babu bairos ko ɗaya. Mutum ya taso tun daga Bagega ko Wuya a kan wannan hanyar da kowa ya san halinta, ya biya kuɗin mashin, ya ce a yi mata falashin, hotunan biki da lambobin mutane su tafi, alhali aikin minti biyu ne. Buɗe Chrome, danna ɗigo ukun nan na sama, Settings, Site settings, Notifications. Duk shafin da ba ka sani ba a jerin waɗanda aka ba izini, ka toshe shi. Google ma ya ga ɓarnar, a 2020 ya fara ɓoye wannan tambayar ga shafukan da mutane suka saba ƙi.

Wani zai ce ai ƙara ce kawai, me ya yi zafi? Sanarwar da ta shigo kan tashi waya daga barci, a wasu wayoyin har ta kunna allo, kuma a garin da ake biyan kuɗi wajen mai janareto kafin a yi caji, wannan kuɗi ne. Na biyu ya fi wannan nauyi. Mu da muka ga rufe layin sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021 mun san darajar saƙo guda ɗaya. A Anka da Bukkuyum akwai saƙon da ke cewa kar a bi hanya kaza yau. Wayar da ke kuka sau ɗari a yini tana koya wa mai ita ya daina dubawa, ko ya sa ta shiru gaba ɗaya, sai wancan saƙon ya shigo cikin tarin tallan caca da na bashi.

Idan kuma abin ba daga sama yake faɗowa ba, talla ne ke rufe allo baki ɗaya ko da ba ka buɗe komai ba, to wata manhaja ce ta samu izinin hawa kan sauran. Shiga Settings, Apps, Special app access, Display over other apps. A wasu wayoyin sunan ya ɗan bambanta, ka rubuta shi a wurin bincike na Settings. Tocila ko kalkuleta ba su da abin yi a wannan jerin. Ka cire musu izinin, in ma ba ka tuna ranar da ka sauke su ba ka goge su.

Masu laftof, Windows 10 da 11 duk hanya ɗaya ce: Settings, System, Notifications, ka kashe manhajojin ɗaya bayan ɗaya. Alamar manhajar da ke walƙiya a layin ƙasa kuwa, wadda ta dami mutane tun zamanin su Clippy, sai a sabuntawar Windows 11 ta 2022 aka sa mata madanni a cikin saitin Taskbar.