Daga Majigi Zuwa Zoo Road: Wa Aka Gina wa Silima a Kano?

Da yawanmu burinmu wata rana a ɗauki labarin da muka rubuta a mayar da shi fim, a haska shi a babban allo. Amma ba kasafai muke tambayar kanmu ba: wa zai zauna a gaban allon nan, kuma nawa zai kashe kafin ya zauna? Mu da muka tashi a Gwarzo da Kabo, tambayar ta fi shafarmu, domin mafi yawanmu mun yi shekara ashirin muna kallon fim ba tare da mun taɓa sayen tikitin silima ba.

Fim ya fara zuwa wa kakanninmu ne a kyauta. Majigi kenan. Motar gwamnati ce take shigowa gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, yawanci kusa da ƙofar gidan hakimi ko dagaci, a jira duhu ya shiga. Ba a karɓar ko kwabo. Sai dai ba kai ke zaɓar abin da za ka gani ba: tsaftar rijiya, rigakafi, noman gyaɗa da auduga, biyan haraji, tare da mai bayani yana fassarawa da lasifika. Baban Larai, wanda tsofaffi ba su manta da shi ba har yau, daga wannan tsarin ya fito. Mai kallon majigi da kunnensa yake biya, tunda saƙon hukuma aka kawo masa.

Silima ta kuɗi kuwa a birni ta tsaya. An buɗe Rex a 1937, a wajen ganuwa, inda baƙi da 'yan kasuwa suke, kuma da farko har darare aka ware: wasu na Turawa da Larabawa, wasu na baƙar fata. Kwarori 'yan Labanan ne suka riƙe harkar shekaru da yawa. A watan Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu. Mutanen gari da dama sun ɗauki abin a matsayin horo daga Allah, kuma a shekarar ce dai aka buɗe Palace a Jakara, cikin ganuwa, malamai suna ta suka. Daga baya aka sami su Plaza da Wapa a Fagge, da Orion, da Queens, da Eldorado, da Marhaba a wajen Farm Centre.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, saboda marubutan da ke kafa labarinsu a shekarun 1960 ko 1970 sukan zana silimar wancan lokaci kamar ta yau, da kujeru masu laushi da sanyin na'ura. Ba haka take ba. Yawancinsu fili ne da aka zagaye da dogon bango, sama a buɗe, shi ya sa sai dare ya yi ake fara haskawa, kuma da damina ruwa yana iya tashin 'yan kallo. Wurin zama hawa-hawa ne. Can gaba, dab da allo, benci ne na masu ƙaramin ƙarfi. Can baya, inda aka yi rufi, kuɗin ya fi yawa. Ɗan dako da ya wuni a Kantin Kwari, da yaron mota, da mai sayar da rake, duk suna iya cire kuɗin benci daga cinikin yini ɗaya, su ga fim ɗin da mai babbar riga yake gani daga bayansu. Abin da ya sa tikiti ya yi araha ba tausayi ba ne, lissafi ne. Ɗaruruwan mutane ke shiga a dare guda, ginin ba ya cin kuɗin gyara sosai, kuma fim ɗin Indiya guda, irin su Mother India na 1957 ko Sholay na 1975, ana iya maimaita shi shekara da shekaru yana cika gida. 'Yan kallo sun haddace su har suka raɗa wa jarumai sunayen Hausa. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi.

Amma akwai wani farashi da ba a rubuta shi a jikin tagar sayar da tikiti ba, wato mutunci. Silima wurin dare ce, ga masu shaye-shaye da 'yan daba a bakin ƙofa. Ɗan gidan mutunci a ɓoye yake zuwa. Mace kuwa, in aka gan ta a can, an gama yanke mata hukunci. Saboda haka arahar nan ta samari ce kawai, rabin al'umma ba ta amfane su da komai ba. Da Sabo Bakin Zuwo ya hau gwamna a 1983, cikin 'yan watannin da ya yi ya rufe Palace, aka mayar da ita asibiti.

Mutuwar tsofaffin gidajen ba ta zo rana ɗaya ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, shigo da faifan fim daga waje ya yi tsada. Talabijin ta riga ta fara nuna finafinan Indiya a gida, ga kuma bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, kasuwar finafinan Hausa ta buɗe, kuma wannan kasuwa a kan matan aure da ke cikin gida ta ginu, waɗanda silima ba ta taɓa yi da su ba. Bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000, ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 da dokoki masu tsauri a kan gidajen kallo.

Sai dai a ganinmu abin da ya ƙarasa su ƙasa ce, wato filin da suke kai. Fagge da kewayen Farm Centre sun zama wuraren da taku ɗaya na fili yake da daraja. Mai gidan silima ya duba ya ga filin da ke kawo masa kuɗi na awa uku da dare zai iya zama shaguna hamsin masu biyan haya duk shekara. Me zai hana shi? Yau in ka ce Wapa, 'yan canji ne ke zuwa a ran matashi, ba allo ba.

Mu a nan, abin da ya maye gurbin majigi shi ne gidan kallo: rumfar kwano, benci, janareto yana ƙara a baya, a biya ɗan kuɗi a bakin ƙofa. Ƙwallon Ingila ta ƙwace mafi yawan lokacinsa daga hannun fim. Bayan shi sai masu tura finafinai a waya, inda da canjin da ya rage a aljihu za a cika maka memori da Indiya-Hausa.

Silima ta dawo Kano ta wata ƙofar daban. A 2014 aka buɗe rukunin shagunan Ado Bayero Mall a Zoo Road, titin da ofisoshin 'yan fim suka yi yawa, daga baya kamfanin Filmhouse ya buɗe silimarsa a ciki. Dole mu yaba abin da ta kawo. A karon farko magidanci ya iya ɗaukar matarsa da 'ya'yansa ranar sallah su je kallo da rana tsaka, ba wanda zai yi musu kallon banza. Finafinai irin su Mansoor na Ali Nuhu da Rariya na Rahama Sadau, duka a 2017, sun ja jama'a sosai, a daidai lokacin da satar fasaha ta kashe kasuwar faifai. Katangar mutunci ta faɗi. Wadda ta tashi a madadinta ta kuɗi ce, kuma ba zalunci ya gina ta ba. Ɗaki ne rufaffe mai kujeru kaɗan, sanyin na'ura yana shan dizal, na'urar haskawa da dala aka sayo ta, ga hayar wuri mai tsada, sannan a raba abin da ya shigo tsakanin mai silima da mai fim. Babu benci a gaba. An cire hawan da talaka yake zama a kai.

To mu yi lissafin ɗan Gwarzo. Tsakaninmu da Kano kusan kilomita 70 ne. Zai biya kuɗin mota ta Kabo da Rimin Gado ya sauka a Kabuga. Tun da aka hana acaɓa a 2013, sai ya hau adaidaita sahu zuwa Zoo Road. Ya sayi tikiti, ya ga kowa riƙe da gugguru da lemo, kunya ta sa shi ma ya saya. In fim ɗin dare ne, sai ya nemi ɗan uwan da zai kwana a wurinsa. Washegari ya sake biyan kuɗin komawa. A cikin wannan jerin, tikitin ba shi ne babba ba. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya ta haura 1,000. Mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024, amma manomi da tela da ɗalibi ba albashi suke ɗauka ba. Ko Shoprite, babban kantin da ya fi jawo mutane zuwa rukunin, ya rufe reshensa na Kano a farkon 2024.

Wannan tarihi yana shiga cikin rubutunmu ko mun sani ko ba mu sani ba. Fim ɗin da aka yi domin masu iya sayen tikiti a Zoo Road, rayuwarsu yake nunawa: falo mai bene, mota mai baƙin gilashi, ɗan Alhaji da ya dawo daga Landan. Sai ka ga marubucin da ya tashi a Getso ko Garo, wanda ya san yadda ake rikici a kan iyakar gona da rabon gado da bashin taki, ya ajiye duk wannan ya kama kwaikwayon gidan da bai taɓa shiga ba, don yana jin shi ne labarin da furodusa zai saya.

Furodusoshin kuwa sun riga sun bi 'yan kallo zuwa inda suke. Daga 2020 finafinai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka mamaye, akasari a YouTube, inda kuɗin shiga shi ne data, kuma mai shayi a tashar Gwarzo yana ganin sabon kashi a daren da mai gida a Nasarawa GRA yake ganinsa. Can ma akwai lissafi: yawan masu kallo da tallar da ke biyo su ne ke biyan mai fim, shi ya sa ake jan labarin da ya isa awa biyu har ya kai zango goma, kuma shi ya sa furodusan da zai karɓi rubutunka yau zai fara tambayarka kashi nawa zai bayar.