Daga Duron Nkoloso Zuwa Shugabancin Magnum

Tun da Boris Eldagsen, wani mai ɗaukar hoto ɗan Jamus, ya ƙi karɓar kyautar Sony a watan Afrilun 2023, ya shaida wa duniya cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa hoton da ya ci gasar, masu wannan sana'a ba su huta da gardama ba. Wasu sun ce hoto shaida ne, da zarar an sa masa hannu ya tashi daga aiki. Wasu kuma sun ce dama can ba a taɓa yin hoton da babu hannun mai shi a ciki ba. Abin mamaki, lokacin da wannan ƙura ta tashi, wadda ke jagorantar Magnum, ƙungiyar da tun kafuwarta a 1947 ake ɗaukar hotunanta tamkar rantsuwa, mace ce da ta yi suna wajen shirya hotunan abin da bai taɓa faruwa ba. Sunanta Cristina de Middel, haifaffiyar Alicante ta ƙasar Sifaniya a 1975. Wanda ke son sanin yadda ta hau wannan kujera sai ya bi ta Zambiya.

Can a 1960, ƙasar tana hannun Turawan Ingila da sunan Rodeshiya ta Arewa, wani malamin makaranta mai suna Edward Makuka Nkoloso ya kafa abin da ya kira cibiyar kimiyya da binciken sararin samaniya. Tsohon soja ne da ya yi yaƙin duniya na biyu, kuma ɗan gwagwarmayar neman 'yanci a jam'iyyar UNIP ta Kenneth Kaunda. Ya tara matasa a wata gona a wajen Lusaka, yana sa su cikin duron mai ana mirgino su daga kan tudu, yana lila su a lilo, wai don su saba da rashin nauyi. Ya ce zai riga Amurka da Tarayyar Sobiyet zuwa wata, daga nan ya tura wata budurwa mai suna Matha da kyanwa biyu zuwa duniyar Mars. Ya nemi fam miliyan 7 daga UNESCO, bai samu ba. Zambiya ta sami 'yanci ranar 24 ga Oktoban 1964, kumbo bai tashi ba, jaridun Turai suka yi dariyarsu suka wuce.

Labarin ya kwanta kusan shekara hamsin. A tsakanin nan akwai waɗanda suka riga De Middel tunanin baƙar fata a sararin samaniya, kuma adalci ne a ambace su. Mawaƙin Amurka Sun Ra ya daɗe yana cewa daga duniyar Saturn ya zo. Yinka Shonibare, wanda ya tashi a Legas, ya ɗinka wa gumakan 'yan sama jannati tufafin atamfa tun wajajen 2000. Kiluanji Kia Henda na Angola ya yi jerin hotuna a 2008 kan wata tafiya ta ƙage zuwa rana.

De Middel kuwa a wannan lokacin ma'aikaciyar jarida ce. Ta yi kusan shekara goma tana ɗaukar wa jaridun Sifaniya da ƙungiyoyin agaji hoto, har ta ƙoshi da irin hoton da editoci ke nema. In an ce Afirka, an riga an san abin da za a buga: yunwa, bindiga, yaro da ƙuda a fuska. Alamar farko ta cewa ta fara juya wa aikin baya ita ce Poly Spam a 2009, inda ta ɗauki wasiƙun damfara da ke shigo mata ta imel, ta shirya hoton kowane mai wasiƙa yadda ya siffanta kansa, kamar da gaske akwai shi. Bayan nan ne ta ci karo da labarin Nkoloso a intanet.

Littafin da ya fito a 2012, The Afronauts, da kuɗinta ta buga shi, kwafi 1,000. Ba ta je Zambiya ba, yawancin hotunan a Sifaniya ta ɗauke su. Kakarta ce ta taya ta ɗinka kayan, hular kwanon kuwa murfin gilashi ne na fitilar kan titi. Ka buɗe shafi ka ga mutum tsaye a busasshiyar ƙasa cikin riga mai zanen atamfa, kansa a cikin ƙwallon gilashi, hasken rana ya daki gilashin har ba ka ganin fuskarsa sosai. Ka juya ka gan shi kusa da giwa. Tsakanin shafuka ta cusa wasiƙu da yankan jarida a ninke, sai mai karatu ya warware su da hannunsa, ya rasa wanne ne na tarihi, wanne ne nata. Kafin a ce me, littafin ya ƙare a kasuwa. A 2013 ya shiga jerin ƙarshe na kyautar Deutsche Börse a Landan, cibiyar ICP ta New York kuma ta ba ta lambar Infinity.

Masu bayani sun kasu kan dalilin wannan nasara. Akwai masu cewa sa'a ce, ta faɗo daidai lokacin da ake yayin hasashen makomar baƙar fata. Lissafin bai fita ba, domin fim ɗin Black Panther da ya kai wannan yayi kowane gida sai a 2018 ya fito. Akwai masu cewa Turawa ne kawai suka sake samun abin kallo daga Afirka. Wannan yana da ƙamshin gaskiya, zan dawo kansa. Amma ni a ganina tushen abin yana cikin shekarunta goma na aikin jarida. Wadda ta san yadda ake zaɓar hoton shafin farko ita ta fi sanin inda imanin mai karatu yake da rauni. Ta ɗauko labarin gaskiya da kowa zai ce ƙarya ne, ta lulluɓe shi da hotunan ƙarya masu kama da shaida, don mai kallo ya kama kansa yana dariya, ya tambayi kansa me ya sa kumbon Afirka ke ba shi dariya alhali na Amurka bai ba shi ba. Shi ya sa nake ganin goben da ke cikin hotunan nan gobe ce da aka yi wa mutane alkawari ranar 'yanci, aka hana su ko da mafarkinta.

Duk da haka ƙorafin masu cewa abin kallo ne bai faɗi ƙasa banza ba. Nkoloson da ke cikin littafin mai mafarki ne kawai, ba a ga ɗan gwagwarmayar da Turawan mulkin mallaka suka ɗaure ba. Wannan giɓi babba ne, kuma da ta taka ƙasar Zambiya ta zauna da waɗanda suka san shi da wuya ta bar shi haka. A wani aikin da ta yi daga baya ta sauya hanya. Ta zo Legas, ta shiga unguwar Makoko da ke kan ruwa, ta yi aiki da mazauna wurin suna taka rawa a hotunan da ta gina kan littafin Amos Tutuola na 1954, labarin yaro ɗan shekara bakwai da yaƙi ya kora cikin dajin aljanu. Wannan littafi nata ya fito a 2015. A 2017 Sifaniya ta ba ta kyautar ɗaukar hoto ta ƙasa, Magnum ta buɗe mata ƙofa a shekarar, sannan a 2022 ta zama cikakkiyar mamba, aka kuma zaɓe ta shugaba.

Giɓin da ta bari 'yan nahiyar ne suka cike shi. Nuotama Bodomo 'yar Gana ta yi gajeren fim kan labarin a 2014. Marubuciya Namwali Serpell, haifaffiyar Lusaka, ta bi sawun Nkoloso ta rubuta doguwar maƙala a mujallar The New Yorker a 2017, inda ta tayar da tambayar da jaridun 1964 ba su yi ba: anya ba shi ne yake yi wa Turawa ba'a ba, tunda har ya gargaɗi wani mai wa'azi da zai tura Mars kada ya tilasta wa mutanen can shiga addininsa? Nkoloso ya rasu a 1989. A littafin Serpell na 2019, The Old Drift, Matha ta sauko daga cikin duro ta zama mace mai cikakkiyar rayuwa, da 'ya da jika, kuma littafin ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2020.