Sirrin Ɗaki A Kasuwa: Yadda Kyamara Ta Kutsa Cikin Ƙungiyoyin Ƙwallo

Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshan ya san abin da ke faruwa da zarar darakta ya ce a ɗauka. Mutumin da yanzu-yanzu kuke hira da shi kuna ƙyaƙyata dariya, sai ka ga ya gyara tsayuwa, ya canja murya, har tafiyarsa ta koma wata iri. Wannan fa ɗan fim ke nan, wanda sana'arsa ce. To ina ga ɗan ƙwallon da aka ci ƙungiyarsa biyu ba ko ɗaya, ya shigo ɗakin canja kaya yana haki, koci na zazzaga masa masifa, ga kuma wani can a lungu ya saita masa kyamara a fuska?

A da, wannan ɗaki ba wurin shigar baƙo ba ne. A nan ake zagi, a nan ake kuka, a nan kyaftin ke cin kwalar yaro, gobe a wayi gari kamar ba a yi ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Abin da ke riƙe da zaman ƙungiya shi ne kowa ya san duk abin da aka faɗa a ɗakin, a nan zai mutu. Tarihin finafinan bayan fage na ƙwallo tarihi ne na yadda aka yi ta sassare wannan amana kaɗan-kaɗan.

Wanda ya fara ɗanɗana kuɗarsa sosai shi ne Graham Taylor, kocin Ingila. Da kansa ya yarda 'yan fim su bi shi, har da maƙala masa makirfo a riga, a lokacin wasannin neman gurbin Kofin Duniya na 1994. A watan Oktoba 1993 aka je Rotterdam karawa da Holan. Hukumar ƙwallon ƙasar ta hana masu ɗaukar shiga, sai aka sanya masu kayan tawagar Ingila, aka cusa na'urorinsu a jakunkunan 'yan wasa, suka shige. Ka ji mutum ya yi wa abin da zai kashe shi jagora! A wasan, Ronald Koeman ya janyo David Platt ƙasa yana shirin fuskantar gola, alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi kawai, jim kaɗan kuma Koeman ɗin ya ci ƙwallo da bugun tazara. An tashi 2-0. Makirfo ya ɗauko Taylor yana gaya wa mai tuta cewa abokin aikinsa ya jawo masa kora. A Nuwamba ya ajiye aiki, a Janairu 1994 tashar Channel 4 ta nuna fim ɗin, An Impossible Job. Mataimakinsa Phil Neal, wanda ya ci Kofin Turai sau huɗu da Liverpool, ya koma abin dariya saboda an nuno shi yana maimaita duk abin da maigidansa ya faɗa kamar aku. Har Taylor ya rasu a 2017, wasu ba su san shi da komai ba sai kalaman da ya furta cikin ɓacin rai a bakin fili, alhali shi ne mutumin da ya ɗauko Watford daga rukuni na huɗu ya kai ta na ɗaya.

Na John Sitton ya fi ban tausayi. Leyton Orient ƙaramin kulob ne a gabashin Landan. Mai shi, Tony Wood, ya yi asarar kasuwancinsa na kofi a yaƙin Ruwanda, har ya ce a ba shi fam 5 ya saki kulob ɗin da basussukansa. A wannan yanayi wata ɗaliba, Jo Treharne, ta shigo da kyamara a kakar 1994/95. A watan Fabrairu 1995, ana hutun rabin lokaci a wasansu da Blackpool, Sitton, wanda yake ɗaya daga kociyoyi biyu na kulob ɗin, ya dubi Terry Howard, tsohon abokin wasansa da ya buga wa kulob ɗin wasa kusan 400, ya kore shi daga aiki nan take a gaban kowa, sannan ya juya kan wasu 'yan wasa biyu yana gayyatar su dambe. Mai karatu, irin wannan tsiya an sha yin ta a ɗakunan canja kaya kafin ranar. Bambancin kawai, wannan karon an ɗauka. Kulob ɗin ya faɗi ƙasa, Sitton bai sake samun aikin koci a manyan rukunonin Ingila ba, ya ƙare a tuƙin tasi a Landan. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka naɗa a kaset.

Kada a ce kyamara annoba ce ko'ina. A 1998 Stéphane Meunier ya zauna cikin tawagar Faransa da 'yar ƙaramar kyamararsa har suka doke Birazil 3-0 suka ɗauki kofi, fim ɗinsa kuma Faransawa suka rungume shi. Mutum ɗaya ne, ya daɗe tare da su har suka saba da ganinsa, kuma nasara tana wanke komai.

Amurkawa ne suka mai da abin sana'ar shekara-shekara. A 2001 tashar HBO ta fara shirin Hard Knocks da Baltimore Ravens, a irin tasu ƙwallon da ake ɗauka da hannu. A 2012 duniya ta kalli kocin Miami Dolphins, Joe Philbin, yana sallamar Chad Johnson a ofis. Ƙungiyoyi suka riƙa gudun shirin, har a 2013 masu kulob-kulob suka kafa dokar da za a iya tilasta wa ƙungiya karɓar kyamara idan ba a samu mai so ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ra'ayin kociyoyi.

A shekarar 2012 ɗin dai salon ya dawo Ingila da Being: Liverpool, kuma a nan aka fara ganin wata sabuwar cuta: koci ya zama jarumin fim. Brendan Rodgers ya ɗago ambulan uku a gaban 'yan wasansa, ya ce ya rubuta sunayen mutum uku da za su ba ƙungiya kunya a kakar, kowa ya yi ƙoƙari kada sunansa ne. An kuma nuno shi yana yi wa Raheem Sterling faɗa a filin atisaye, yaro ɗan shekara 17. Ɗan wasa ba wawa ba ne. Da zarar ya fara tambayar kansa, shin da ni koci yake ko da masu kallo, to rabin nasihar ta zube.

Sai Sunderland. Bayan sun faɗo daga Firimiya a 2017, aka buɗe wa 'yan fim ƙofa da zaton za a ɗauki labarin komawarsu sama. Ina! Suka ƙare a na ƙarshe, suka sake gangarawa rukuni na uku, Netflix kuma ta saki Sunderland 'Til I Die a Disamba 2018. Koci Chris Coleman ya tsaya kai da fata kyamara ba za ta shiga ɗakin canja kaya ba. Amma kowane fim yana buƙatar mugu, sai Jack Rodwell, mai albashin fam 70,000 a mako ba ya buga wasa, ya samu wannan rol ɗin ba tare da ya nema ba.

Idan aka zo kan jerin All or Nothing na Amazon, abin ya canja kamanni, domin yanzu kulob ne ke gayyato kyamarar, kuɗi yake karɓa, kuma ba ya son a ga tsiraicinsa. Na Manchester City ya faɗo a kakar 2017/18 da suka tara maki 100, don haka ko ihun Guardiola ya zama hikima. Na Tottenham kuwa, ana cikin ɗauka aka kori Pochettino a Nuwamba 2019, washegari aka kawo Mourinho, mutumin da ko a Kannywood zai ci abinci. An nuno shi yana ce wa Dele Alli malalaci ne a atisaye. An nuno Danny Rose ya shiga ofis yana tambayar dalilin ajiye shi a benci, yana nuna cewa akwai waɗanda ba su fi shi ƙoƙari ba amma kullum suna cikin fili. Magana ce ta mutum biyu, irin wadda kowane ma'aikaci ke yi da maigidansa. Amma a 2020 abokan wasan da yake nufi sun zauna a falonsu sun kalla, tare da miliyoyin jama'a. Ni a ganina a nan ɓarnar take: ba a ranar ɗauka ba, a ranar nunawa.

Magoya bayan Arsenal, waɗanda ba a rasa su a kowane gidan kallon ƙwallo daga Kano har Damagaram, ba su manta kakar 2021/22 ba. An fara da shan kashi uku a jere, har da 5-0 a hannun City. Kafin zuwa Anfield, Arteta ya sa aka kafa lasifikoki a filin atisaye ana kunna waƙar magoya bayan Liverpool don yaransa su saba da hayaniyar. Aka je aka ci su 4-0. A Disamba 2021 ya ƙwace kambun kyaftin daga Aubameyang, ɗan Gabon, bayan ya makara wajen dawowa daga wata tafiya, a Fabrairu 2022 kuma ɗan wasan ya koma Barcelona. Da shirin ya fito a Agusta 2022, mun ji Arteta yana cewa ya rubuta duk laifuffukan, da rana da lokaci. Mun ga shugabannin kulob suna shawara a ofis. Shi wanda ake magana a kansa kuwa, da ƙyar aka ji ta bakinsa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da edita ya san fim a teburin tacewa ake haihuwarsa, wanda almakashi ke hannunsa shi ke zaɓar mai gaskiya.

Arsenal ta ƙare kakar a ta biyar, maki biyu bayan Tottenham. Waɗanda suka yi wa Arteta dariya kan lasifika da zane-zanensa a allo sun yi shiru a kaka ta gaba, lokacin da yaran nan, su Saka da Ødegaard da Martinelli, suka riƙe saman tebur wata da watanni kafin su ƙare a na biyu da maki 84. A lokacin, masu kyamarar Amazon sun riga sun tattara kayansu sun bar ɗakin.